Zare Uku a Aljihun Malam

Litinin, ƙarfe goma na safe

Matar Shugaban mishan ta zo gaishe mu. Ta zauna a bakin kujera, ta tambayi jikin Malam, mijina, na ce lafiyarsa ƙalau, gajiya ce. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Duk wannan bakinta ne ya yi. Idonta yana kan labulen falo, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama. Da na shiga kicin ɗebo mata ruwa, sai na jiyo ƙarar tef ɗin awo yana komawa gidansa. Na san ƙarar. Na daɗe ina jin ta a gidajen mutane, ban taɓa jin ta a nawa ba sai yau.

Na fito na ce, "Mama, in tsawonsa kike nema ki tambaye ni, ni na ɗinka."

"Haba, Malama, kallo kawai nake yi."

"Da tef?"

Ta yi dariya, ta sha ruwan, ta yi mana doguwar addu'a. Na buɗe ido ɗaya a tsakiya, na tarar nata ma a buɗe yake, yana kan firij.

Ba wanda ya ce mana za mu tafi. Kwamitin mishan bai ma zauna ba. Amma a harabar nan labarin tafiyar mutum labulensa ne ke fara ji. Daga yau sunanta Mai Tef a littafin nan.

Litinin, da yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya a majami'a ba. Ina wurin, na gani. Abu ɗaya zan ce: ba wanda ya taɓa mutuwa don ya ji wa'azi ɗaya sau biyu a zama ɗaya. Wasunsu ma sau goma ya kamata su ji.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Shugaba da Likita sun zo tare, suna tafiya a hankali kamar masu kawo labarin rasuwa. Kwamiti ya zauna. Za mu koma gida mu huta, kafin wata ya ƙare. Na ce hutun na yaushe zuwa yaushe? Shugaba ya kalli Likita, Likita ya kalli takalminsa.

Na ce na ji. Amma abin da Likita ya gani ya tsaya tsakaninmu mu uku. Duk wanda ya tambaya, gajiya ce.

Shugaba ya ce, "Har da matata?"

Na ce, "Musamman matarka."

Na gaya wa Malam bayan sun fita. Ya karɓa da kyau, ya ce nufin Allah ne. Da muka zauna cin abinci na sake gaya masa. Ya sake karɓa da kyau.

Alhamis, da hantsi

Bari in rubuta yadda ake yi, ko wata rana jikokina za su karanta su ce ƙirƙira na yi.

Jirgi ba ya ɗaukar wa mutum fiye da akwati biyu. Don haka duk ɗan mishan da ya zo ƙasar nan haka yake zuwa ba komai, ya sayi kayan wanda zai tafi, in nasa lokacin ya yi ya sayar wa na baya. Gadonmu na wani malamin makaranta ne. Tukwanenmu na wata ungozoma. Babu cokali a harabar nan da bai shiga bakin gida uku ba. Kowane gida da launin zarensa, ranar da ka iso ake ba ka tare da makulli. Namu kore ne, na gidan Shugaba ja, na Ma'aji shuɗi. In ka ga abin da kake so, sai ka nemi maigida ya ba ka hannu, ka ɗaura zarenka a jikin abin. Doka biyu ce: ba a kwance zaren wani, kuma ba a ɗaukar kaya sai masu gida sun tafi. Asabar ta ƙarshe a buɗe gida, a yi gwanjon abin da ya rage, in akwai gardama Shugaba ya raba.

Hannun maigida, ka ji. Ni da na tsufa ina goge kayan nan, hannuna bai kai ba.

Na karanta tarihin garuruwan da aka ci da yaƙi, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ko can sai an fasa ƙofa ake raba ganima. Mu nan da sallama ake shigowa, a kira ka ɗan'uwa.

Su ɗauki komai. Teburin Malam kaɗai na ce a bari. Shi ne abu na farko da muka saya a ƙasar nan, a gidan wani likitan haƙori da zai tafi. Ko katifa ba mu da ita, amma Malam ya shafa teburin da tafin hannu ya ce, "Malama, wannan ba zan bar shi ba. Ina zarenmu?" Muka yi ta kwana a ƙasa muna da tebur. Yanzu nan ne kaɗai inda ba ya tsayawa yana waige-waige. Ya san durowar da ke cijewa, ya san inda alƙalami yake. In yana zaune a bayansa, duk wanda ya shigo zai rantse babu abin da ya canza. Na faɗa wa kowa da bakina: teburin nan ba a ɗaura masa zare. In mun tafi a yi yadda za a yi.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

An ɗaura wa butar shayi zare tana kan wuta.

Asabar, da rana

Safiya mai kyau, irin wadda yake tashi dukansa, ba rabi ba. Ya yi aski da kansa. Ya gyara min wata kalma da na faɗa, muka yi gardama, ya ci. Sai ya ajiye kofi ya ce, "Malama, kin tuna tsohon direban nan?"

Na tuna. Da mantuwa ta kama shi, sai suka koma yi masa magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar wanda ake koya wa yare. Suna yi masa addu'a yana zaune suna cewa "wannan bawa naka," kamar ba shi da suna. Mata suna shafa masa kai. Mutumin da ya kai rabinsu asibiti haihuwa.

Ya ce, "Kada ki bari su yi min haka. Gara su ji haushina."

Na ce ba zan bari ba. Ya ce in ba shi hannu. Na ba shi. A gidan nan dai hannuna yana da daraja.

Can anjima ya tambaye ni wa ya ɗaure wa fitila wuya.

Lahadi, da hantsi

Ba mu je majami'a ba. Ina jin waƙarsu daga nan, suna jan ta kamar akuyar da ba ta son shiga kasuwa. Malam yana teburinsa yana shirya wa'azin yau. Ban hana shi ba.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Na je kasuwa neman igiyar ɗaure akwati. Na dawo na tarar da Malam tsaye a tsakiyar falo, daidai inda kujerarsa take, ga sawun ƙafafunta huɗu a kan darduma. Mai Tef ce ta aiko aka ɗauka, wai ta yi baƙi, wai ai zarenta ne a jiki, aro ne kawai. Ban san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Da ya gan ni sai ya ce, "Baiwar Allah, don Allah nan gidan wa?"

Baiwar Allah.

Na kai shi teburinsa, na jira har ya ɗauki alƙalami. Sannan na tafi gidan Shugaba na shiga ba sallama. Wani baƙo yana kan kujerar da kofi a hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, tashi." Ya tashi.

Mai Tef ta ce, "Malama, lafiya?"

Na ce, "Mama, ba mu mutu ba, ba mu kuma tafi ba. In ɗaya ya faru ai ke za ki fara ji."

Na ɗora kujerar a ka na ratsa harabar da ita, jan zaren yana lilo a gaban idona. Bayana yana ciwo. Gobe ma zan sake in ta kama.

Alhamis, da yamma

Ma'aji ya tare ni a bakin famfo, fuska a sake, abin da ba ya yi sai ranar da lissafinsa ya daidaita.

"Malama, a yi wa Malam godiya. Teburin nan na daɗe ina kallonsa."

Na ce wane tebur? Ya ce ai ranar da na je kasuwa ya leƙa, suka yi magana, Malam ya ba shi hannu, ya ɗaura shuɗinsa a ƙafar dama. Na ce ba na ce a bar teburin ba? Ya ce, "Ai da maigida na yi magana."

Na dawo na durƙusa na duba ƙafafu huɗun. Babu zare. Na ce a raina ko mafarki ya yi. Amma Ma'aji ba ya mafarki, babu shi a kasafi.

Juma'a, da hantsi

Yau kuma Sabon Zuwa, yaron da ya iso bara da amaryarsa, mai rawayan zare. Ya durƙusa har ƙasa. "Mama, Baba ya ba ni teburinsa. Har ya sa min albarka. Ya ce in rubuta a kai abin da zai fi nasa." Idonsa cike da hawaye. Jiya ne, ina wanka.

Na ce, "Tashi, ɗana, za ka ɓata wandonka."

Na sake dubawa. Babu zare.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Wanki nake yi. Kullum sai na lalube aljihunsa kafin in jiƙa. A wandonsa mai ruwan toka na same su, kowanne a naɗe tsaf yadda yake naɗe igiyar caja: shuɗi, rawaya, da ja.

Da ja. Ita ma. Bayan kujerar, bayan abin da na faɗa mata a gaban baƙinta, ta jira na juya baya ta shigo.

Malam bai taɓa iya ganin zare yana reto ya ƙyale shi ba. Tun muna saurayi da budurwa yake tsinke min zare a riga a gaban mutane. Na je na same shi na ce, "Malam, waɗannan fa?" Ya ce wasu yara ne ke ɗaura masa tarkace a tebur. Na ce mutane suna shigowa wurinka? Ya ce, "Suna zuwa gaisuwa. Mutanen kirki ne, Malama."

Sun miƙo hannu, ya karɓa. Me mutum zai yi da hannun da aka miƙo masa?

Duk su ukun sun ji abin da na ce. Duk su ukun sun jira ba na nan.

Litinin, bayan taron mata

An fara da waƙa, aka ƙare da tebur. Matar Ma'aji ta ce akwai wadda ta kwance musu zare, ba za ta kama suna ba, amma Allah yana gani. Mai Tef ta ce lallai yana gani, domin nata aka fara kwancewa. Amaryar Sabon Zuwa ta ce, a hankali, ai su Baba ya ba. Sai kawuna suka juyo wurina ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ni na kwance."

Mai Tef ta dafe ƙirji. "Malama. Abin da ba a taɓa yi ba tunda aka kafa harabar nan."

"Auna labulen mai rai fa, an taɓa yi?"

Wata ta ce mu yi addu'a. Kullum haka ne, in magana ta kusa zama gaskiya sai wata ta ce mu yi addu'a. Na ɗauki jakata. Su kira ni abin da suka ga dama, fatata ta yi kauri.

Talata, da rana

Bai isa ba.

Ma'aji ya zo, ya ƙi zama. Ya ce, "Zare kin kwance, na ji. Hannun fa? Hannunki ne? Mutum uku, tebur ɗaya, kuma kowannenmu Malam ya kalli idonsa ya ce masa naka ne."

Ya ci gaba.

"Malama, tunda nake aiki da mutumin nan in ya faɗa min abu ba na rubutawa. Ni da nake rubuta kuɗin ashana. Yanzu ban san me zan ce wa mutane ba."

"Me mutanen ke cewa?"

Ya juya hularsa a hannu. "Suna cewa ba a mayar da mutum gida a tsakiyar aiki don gajiya. Jiya wani ya tambaye ni ko na duba asusun makarantar da Malam ya riƙe."

"Ka duba?"

Ya kau da kai. Ya duba ke nan.

Maganar ta zo min har bakin haƙori. Ina jin Malam a ɗaya ɗakin yana jan durowar nan mai cijewa, yana dukanta a gefe yadda ya saba. Na haɗiye. Na ce, "Ka gaishe da gida."

Malam fa, mutumin da ya taɓa komawa kasuwa da ƙafa don an yi masa rarar canji.

Laraba, da safe

Likita ya roƙe ni. Ya ce kalma ɗaya zai faɗa, duk maganar ta mutu. Na ce kalma ɗaya, sai su fara shafa masa kai. Ya ce ba duka ba ne haka. Na ce ya kawo min sunan ɗaya. Yana nan yana tunani na rufe ƙofa.

Laraba, da yamma

'Yata ta kira daga gida. Ta gyara mana ɗaki, ta sa an cire madubin bango yadda na ce. Na ba ta labarin teburin don in ji sauƙi, ban ji ba.

"Mama, alkawarin da shi kansa ba ya tunawa?"

"Ni ina tunawa."

"To gara a ce Baba ɓarawo ne?"

Na ce layin ba kyau. Layin ƙalau yake.

Gara su ji haushina, haka ya ce. Haushi ya ce. Bai ce su duba asusu ba. Amma ba zan iya komawa in tambaye shi inda iyakar take ba, domin wanda ya yi maganar ba kullum yake gida ba.

Alhamis, da hantsi

Na yi addu'a, in addu'a ce. Na ce mutumin nan ya ba Ka ƙafarsa, ya ba Ka muryarsa, ya bar uwarsa ta rasu yana nan yana yi Maka aiki. Ba Ka ga abin ɗauka ba sai wannan? Kuma ba Ka jira ba. Ko 'yan mishan suna jira masu gida su tafi.

Ban ce amin ba.

Juma'a, da yamma

Gobe buɗe gida. Shugaba zai raba gardamar tebur a gaban kowa. Likita ya yarda zai fita da Malam a mota har a watse. Ban san abin da zan faɗa ba. Na goge teburin sau biyu.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Tun kafin in gama karin kumallo suka cika gidan. Wata tana buga faranti da yatsa tana saurara. Wani yana gwada takalman ruwan Malam. Littattafaina a ƙasa cikin kwali, ana ɗaga su ana jin nauyi kamar doya. Na tsaya a ƙofar ɗakin karatu.

Shugaba ya kira su ukun. Mai Tef a dama, Ma'aji a hagu, Sabon Zuwa a baya kamar wanda aka kawo shaida a kan uwarsa. Sauran suka taru a baranda suna leƙe ta taga. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce abin takaici ne, ɗan'uwanmu ya ba da hannu sau uku, kuma tunda ba ya nan...

Sai ga Malam. Ya manta tabarau, ya dage sai an dawo, Likita a bayansa yana yi min alama da hannu wai ba laifinsa ba ne.

Ya tsaya a ƙofa ya dubi mutane, ya dubi kwalaye da zaruruwa a jikin komai. Fuskarsa ta washe. Ya gaisa da kowa, da fara'a, irin ta baƙo. Sannan ya ga teburin. Ya matso ya shafa shi da tafin hannu, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ja durowar ta cije, ya yi dariya.

"Malama, zo ki gani. Wa zai tafi ne? Allah sarki." Ya duba ƙafafun. "Ba a ɗaura ba. Wannan ba zan bar shi ba. Ina zarenmu?"

Na ga abin yana shiga fuskokinsu, ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwa yana bin ƙasa. Sabon Zuwa ya rufe baki da hannu. Ma'aji ya zama kamar toka.

Mai Tef ce ta fara motsi. Ta matso tana miƙa hannu wajen kansa, murya sama, kalma ɗaya-ɗaya. "Ma-lam. San-nu. Ka ga-ne ni?"

Na riƙe hannun a iska. Na ce, "Mama, kunnensa ƙalau. Ciniki yake yi, ki ba shi wuri."

Koren zarenmu yana cikin akwatin ɗinkina, ban taɓa shi ba tun da daɗewa. Na ɗauko na ba shi. Ya durƙusa zai ɗaura, sai ya tsaya.

"A'a. Sai maigidan ya ba ni hannu. Ina maigidan?"

Duk ido ya dawo kaina.

Na ce, "Ya ɗan fita. Ya bar min saƙo, in kai ne in ba ka a madadinsa."

Ya kalle ni yana murmushi. "Ke da kowa sai kin saba." Ya juya wurin Shugaba. "Hannunta ya isa?"

Shugaba ya ce, "Ya isa."

Na ba shi hannu. Ya ɗaura zaren, ƙulli biyu, ya ja ya gwada.

Sai Ma'aji ya yi abin da ban zata ba. Ya ɓata fuska ya ce, da muryarsa ta kullum, mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba, "Malam, ka yi min shigar sauri. Ni na fara ganin teburin nan."

Malam ya ce, "Gani daban, ɗaurawa daban. Ka san doka."

"Na sani. Amma durowar tana cijewa, an cuce ka."

"Za ta saba da ni."

Suka yi dariya su biyu. Su kaɗai. Na kori kowa, na ce gwanjo ya tashi, wanda bai samu ba ya jira mutuwar wani.

Lahadi, da yamma

Tun safe suke zuwa da kwanuka. Kowa da haƙurinsa, kowa da "da mun sani." Da kun sani me? Kun san shi shekara da shekaru, kuka duba asusu.

Mai Tef ta yi kuka a kafaɗata har ta jiƙa min riga. Na bar ta ta gama. Na ce duk mai son ganinsa ya shiga ya yi masa magana irin ta mutane, wanda ba zai iya ba ya ajiye kwano ya tafi. Yawancinsu sun ajiye kwano.

Ma'aji ya shiga. Ya ja kujera gaban teburin, ya ce bai yarda da wani abu da Malam ya faɗa a wa'azin bara ba. Suka yi ta yi, har Malam yana buga tebur. Ma'aji bai sassauta masa ko kaɗan ba. Da maganar ta zagayo farko, ya sake ƙin yarda daga farko.

Ban yafe masa ba tukuna. Amma na kai masa shayi a kofi mai kyau. Nasa ne ma, ga shuɗin zare a hannun kofin.

Ban faɗa ba. Ban karya alkawarin ba. Ban san ko na cika ba.

Litinin, da rana

Akwati huɗu. Littattafaina shida suka shiga, sauran wurin magunguna ne da rigunan sanyinsa. Shugaba ya ce teburin zai zauna a gidan yadda yake. In mun tafi su dafa shi su ci.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya, ɗakin jiran jirgi

Da motar ta fita daga harabar na waiwaya sau ɗaya. Ba mu kai bakin titi ba na hango ana fitowa da firij.

Malam yana gefena da tabarau a aljihu, na duba. Tun da muka iso yake kallon mutane da akwatunansu. Yanzu ya taɓo ni.

"Malama, teburin nan da muka saya, yaushe za a kawo mana?"

Na ce, "Sai masu gidan sun tafi."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗan yi tunani.

"To kada a matsa musu," in ji shi. "Tashi ba daɗi."